Kwantenar Shinkafa: Mu Dai Ba Mu Tafa Ba

A taron da ya wuce an kawo shawara, wai kuɗin da mu ke tarawa don taimakon azumi a sayi shinkafar Amurka da su, a cika kwantena, a ɗora a jirgi a Baltimore, ta sauka Tema, a rarraba wa mabukata a Nima da Kumasi da Tamale. Aka yi ta tafi. Mu dai ba mu tafa ba, kuma tun da Edita ya ba mu fili, ga dalilinmu. Masu shawarar dattawanmu ne, ba mu kuwa zargin niyyarsu. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana a yi gyaran gangar auzinawa.

A fara tambaya tukuna: me ya ke kai shinkafar ƙasar nan yawon duniya? In ka bi Independence Avenue a nan Washinton za ka ga ginin Ma'aikatar Gona. A ƙarƙashinta akwai wata hukuma, Commodity Credit Corporation, wadda aka kafa a 1933, zamanin Roosevelt, sa'ad da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Aikinta ta ba manomi rance, amfanin gonarsa ya zama jingina. In kasuwa ta yi kyau, ya sayar ya biya. In ta faɗi, ya bar wa Gwamnati hatsin, bashi ya mutu. To, manomin da ya san ba ya faɗuwa, me zai hana shi ƙara gona? Kafin tsakiyar shekarun 1950 rumbunan Gwamnati sun cika sun batse, kuɗin ajiya kaɗai ya zama kaya. Sai a 1954 Eisenhower ya sa hannu a doka mai lamba 480: a kwashe rarar a kai ƙasashen waje, wata a sayar da sauƙi, wata a ba da kyauta. Ba mu musun cewa ta ceci rayuka inda aka yi yunwa. Amma mai karatu ya lura da jerin abin. Rumbu ne ya fara cika, sa'an nan tausayi ya biyo baya.

A 1985 aka sake dabara. Maimakon Gwamnati ta karɓi shinkafa ta jibge, sai ta bar manomi ya sayar a kan farashin duniya ko nawa ne, ita ta cike masa giɓin. Shi ya sa yau ba za ka iske tulin shinkafa a siton Gwamnati ba. Rumbun ya tashi daga sito ya koma baitulmali, ga shi kuwa kusan rabin abin da a ke nomawa waje ya ke fita.

Wanda ya ke son ganin inda abin ya ke sauka, ya dubi Haiti. Mutanen kwarin Artibonite manoman shinkafa ne tun kaka da kakanni. A 1995 aka matsa wa ƙasar ta sauko da kuɗin fiton shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100. Shinkafar Amurka ta kwararo kamar ruwan Agusta, manomi ya rasa mai saye, ya bar gona ya tafi birni neman dako. Yau mafi yawan shinkafar da su ke ci daga waje ta ke zuwa. Ba mu muka ƙaga wannan ba. Clinton, wanda a zamaninsa aka yi, ɗan Arkansas kuma, jihar da ta fi kowace noman shinkafa, shi da bakinsa ya amsa a gaban kwamitin Majalisar Dattawa cikin watan Maris na 2010 cewa abin ya amfani manoman jiharsa, amma kuskure ne. Amsa laifi abu ne mai kyau, ko da ya ke ba mu ji ta mayar wa kowa da gonarsa ba.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Manyanmu sun tuna shirin ciyar da kai na Acheampong a 1972, yadda fadamun Nasia da Fumbisi suka cika da shinkafa. Daga 1983 Gana ta shiga hannun Asusun Lamuni da Bankin Duniya, maƙwabtanmu ne su ma a garin nan, aka bi tallafin taki aka janye, aka buɗe ƙofa. A 2003 Majalisar Gana ta ɗaga kuɗin fiton shinkafa daga kashi 20 zuwa 25, ba a daɗe ba aka dakatar da ƙarin bayan an gana da Asusun. Yanzu ma ba ta Amurka ce ta cika kasuwar Accra ba, ta Biyetnam ce a gaba, amma ƙofar da aka buɗe ɗaya ce. A kakar 2019 manoman Fumbisi suka yi ta kuka, shanshera na zube a gona babu mai saye, alhali akwai kamfanin rumbun Gwamnati da aka kafa a 2010 domin irin wannan rana. Waɗannan mutane su mu ke shirin yi wa kishiya da kuɗin sadakarmu.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun ji ta a bakin ƙofa bayan taro. Wai mace mai 'ya'ya shida a Nima ba ruwanta da wanda ya noma, tukunya ta sani. Gaskiya ne, kuma ba mu raina yunwa. Amma kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, ranar biya kuwa ta zo a 2008. Indiya ta hana fitar da shinkafarta tun ƙarshen 2007, Biyetnam ta bi, kowa ya toshe rumbunsa. Cikin 'yan watanni tan ɗaya ya haura dala 1,000. Aka yi tarzoma a Dakar da Abidjan, a Haiti har Firayim Minista ya sauka. Macen Nima ita ta fara sha, gama mai arhar jiya ya rufe ƙofa, manomin da zai cece ta kuwa an riga an karya shi.

Ku ji yadda wutar ta mutu, domin nan ne abin mamaki ya ke. Tun 1995 yarjejeniyar ciniki ta duniya ta wajabta wa Japan sayen shinkafar waje kowace shekara, kusan rabi daga Amurka. Ita kuwa Japan ba ta son ta shiga kasuwarta ta karya manomanta, sai ta riƙa kulle ta a sito, har ta tara wajen tan miliyan ɗaya da rabi. Ba ta kuwa iya sayar da ita waje sai da yardar Washinton. Watau duniya na kukan yunwa, abinci na kulle, mabuɗi na cikin aljihun garin da mu ke zaune. A watan Mayu na 2008 Amurka ta ce ba ta hana. Maganar kaɗai ta isa: kafin buhunan su motsa, masu ɓoye kaya suka tsorata suka fito da nasu, farashi ya kama sauka. Ashe ba shinkafa ce ta ƙare a duniya ba. Ku lura kuma da Japan, ƙasa mai arziki, ta gwammace ta biya kuɗin sito shekara da shekaru da ta bar shinkafar waje ta taɓa manominta. Mu da ba mu da komai mu ne za mu yi dakon ta da kanmu?

Mu da mu ke karantar da yara mun san malaman fikihu ba su hana ajiya ba. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tara a shekarun yalwa, ya buɗe a shekarun fari, har baƙi daga Kan'ana ya auna musu. Abin da suka hana shi ne ihtikari, watau a tsare abinci don ya yi tsada alhali mutane na cutuwa, har suka ba shugaba ikon tilasta mai shi ya fito da shi. Ma'aunin rumbu ke nan: ya saya da kaka sa'ad da manomi ya ke faɗuwa, ya buɗe da damina sa'ad da mai ci ya ke wahala. Rumbun da ya saɓa haka, ko da tutar Gwamnati a kansa, sunansa bai sake ba. Tailan ta gwada daga 2011, ta sayi shanshera da tsada ta kulle don ta ɗaga farashin duniya. Indiya ta buɗe nata rumbun ta kwashe kasuwa, ta Tailan ta yi ta lalacewa a sito, a farkon 2014 manoman da aka ce don su aka yi suna kan titi suna neman kuɗinsu.

Wani zai ce kwantena ɗaya tak ba ta karya kasuwa. Ba ta karyawa, amma me ta ke ƙarawa? A lissafa kuɗin jirgi, da na fito a Tema, da na mota zuwa Tamale, duk daga bakin marayu za a cire su, a ba mutanen da ba su san azumi ya kama ba. Sa'an nan ga darasin da buhun ya ke koya wa yaro, cewa abin kirki daga jirgi ya ke saukowa, na gonar kawunsa kuwa na marasa hali ne. In tsakuwa ce abin gudu, akwai injinan da ke tsince ta yanzu a Arewa.

Abin da mu ke roƙon kwamiti shi ne a aika da kuɗin tun kaka, kada a jira sai Sha'aban. A naɗa amintattu uku a can, ɗaya mace daga cikin masu turara shinkafa, don su suka san mai kyau da hannu. Su sayi shanshera a hannun manoma kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, a turara, a casa, a ajiye, a raba in wata ya tsaya. Su aiko mana da rasit da yawan buhuna a buga a shafin nan kowa ya gani. Mun kuma nemi a sa maganar a ƙuri'a a taro mai zuwa, da ɗaga hannu, masu kwantena su zo da lissafin jirginsu a rubuce.