Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Jama'a, akwai kalmomi biyu na Turawa masu kama da juna a kunne, histeriya da histeresis, dukansu daga Yunananci. Wajibi ne a rarrabe su.

Ta fari asalinta mahaifa, don likitocin dā sun zaci ita ke sa mace faɗuwa da ihu. Kuskure ne. Damuwar zuciya ce ke bayyana a jiki, har maza tana kamawa, kuma sau da yawa in hankali ya kwanta takan sake.

Ta biyu ma'anarta saura a baya, watau ciwo ya wuce, tabo ya zauna. Masana tattalin arziki, Blanchard da Summers, sun siffanta rashin aiki na Turai da ita a 1986. Mu ba sai mun je Turai ba. Ku leƙa karofin Ƙofar Mata, ku ƙirga rijiyoyin baba da suka bushe. Marinin da kasuwa ta kora shekara goma, ko ciniki ya komo, hannunsa ya manta, ɗansa bai koya ba.

Wannan ba ta warkewa da jira. Saboda haka muna roƙon hukuma da attajiran Kurmi su tallafi mai sana'a tun yana bakin rijiyarsa. Allah Ya sa mu gane, amin.