In Injin Ɗan Jirgi Ya Cije

Jama'a, wannan mako mun leƙa wajen masu ƙananan jirage masu saukar ungulu, waɗanda ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa, musamman masu injin da ke shan man methanol.

Babban abin da ke halaka irin wannan inji shi ne gaggawa. Mutum ya ɗora sitata, inji ya cije, sai ya ƙara dannawa. To, nan ɓarnar take. Galibi mai ne ya cika silinda, mai kuwa ba ya matsuwa kamar iska. In aka tilasta, sandar fistin na iya lanƙwashewa. Sai a kwance fulogi, a toshe bututun mai, a juya inji har man ya fice. A kau da fuska, don feshi yake yi.

Kafin a mayar da fulogi, a haɗa shi da batirinsa mai kimanin volt 1.5. In zaren cikinsa bai yi ja kamar garwashi ba, ko batir ya yi sanyi ko fulogi ya ƙone.

In kuwa sitata na juyawa amma inji bai motsa ba, a duba boris ɗin nan mai kamawa ta gefe guda. Maiƙo kan sa shi santsi.

Wajen sake gwadawa, totur a ƙasa, hannu ɗaya riƙe da kan farfela.