Sanƙarau Ya Sake Riga

Ya ku malamai da fatake na Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, ku sani ƙwayar sanƙarau ba baƙuwa ba ce. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro, lafiyarsu lau. Abin da ya raba mai kisa da mai zaman lafiya shi ne gadon halittarta. Mai kisa tana da riga kamar sulke, mayaƙan jini ba su iya huda ta, har ta isa ƙwaƙwalwa.

Abin mamaki, wannan gado ana aronsa. Masu bincike sun gano irin C da ya ɓulla a ƙasar Sakkwato a 2013 kakansa ba shi da riga, daga wata 'yar'uwarsa ya samo ta. A 2017 ya hallaka mutum fiye da 1,000 a Zamfara da maƙwabtanta. A 2023 ya taɓa Jigawa.

To, allurar da aka fara a 2011 irin A kaɗai take tsarewa. Wadda ta zo a 2024 tana tsare iri 5, har da C. Saboda haka malamin da almajiransa ke kwana cunkushe a zaure da bazara, kada ya ce ai an yi musu tun tuni.