Wa Zai Shayar Da Bishiyar Bayan An Ɗauki Hoto?

A daminar shekararmu ta farko, wata ƙungiyar agaji ta kawo mana dashen itatuwa. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka raba riguna da huluna. Ajinmu ya dasa talatin a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, ni da hannuna na saka darbejiya uku. Muka ɗauki hotuna muka watsa a Facebook, kowa ya kama gabansa. Makon jiya na bi ta wurin na ƙirga: huɗu ne da rai, kuma babu nawa ko ɗaya a ciki. Akuya ta ci rabonta, rani ya ƙarasa sauran.

Ban ga laifin ƙungiyar ba, ai da kyakkyawar niyya suka zo. Laifin yana cikin yadda dukanmu muke auna aikin alheri. Muna ƙirga dashen da ya shiga rami ranar biki, ba ma ƙirga wanda ya ga damina ta biyu. Ra'ayina shi ne, duk mai son taimaka wa dajinmu, gara ya zuba kuɗinsa a raino da koyarwa fiye da sayen dashe.

Hujjata ba daga nesa take ba, tana nan Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aiki da ƙungiyar SIM a can. Ya yi ta raba dashe, dashe yana ta mutuwa, kamar dai namu. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gonaki lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, kuma saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya koma koya wa manoma su zaɓi rassa mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar a kowane kututture, su datse sauran da wuƙa mai kaifi, su riƙa komawa suna gyarawa. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta neman ban-ruwa, kuma tana girma da sauri fiye da dashe. Abin da aka datse ya zama itacen girki. A Nijar ana ce da wannan sassabin zamani.

Ba a rana ɗaya abin ya karɓu ba fa. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya tsaya sai da yawa suka sare itatuwansu. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga riba, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Ya kuma taimaka da aka daina ɗaukar bishiyar gona a matsayin kayan gwamnati, manomi ya san tasa ce. Yau ana ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da busasshiyar ƙasa.

Mu da muka tashi a ƙauye, me aka faɗa a nan da kakanninmu ba su sani ba? Sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, kuma hatsin gindinsa ya fi kyau. Sun san kalgo da sabara da magarya da aduwa. Mu ne muka zo karatu muka ɗauka ilimin daji sai wanda ya je kwalejin gandun daji ta Jos ko ta Afaka.

Wani zai ce, to a daina dashe ke nan? A'a. Inda babu kututture ko ɗaya, kamar filin da katafila ta kankare aka yi mana sabbin azuzuwa, dole sai dashe. Amma dashe alkawari ne na shekara biyu aƙalla: ruwa da rani, shinge saboda dabbobi, da wani takamaiman mutum da za a tambaya idan ya mutu. In ba mu shirya wannan ba, wallahi gara mu dasa goma su rayu da mu dasa ɗari don hoto.

Kuma kada mu yi kamar abin bai shafe mu ba. Tun da gas ya yi tsada, nawa ne a cikinmu suka koma gawayi? Buhun nan da muke saye a bakin ƙofa, kirya ce ko marke da ta yi shekaru tana girma a dajin wani.

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu. Idan masu agaji suka sake zuwa, ku ce mun gode, amma a rage kuɗin rumfa da riguna a saya mana shinge da jarkokin ban-ruwa. A raba itatuwan sashe-sashe, a rubuta sunan aji a jikin kowane shinge, a fitar da ƙidayar masu rai a wannan mujallar duk ƙarshen zango. Sannan a gayyato malamin daji ya koya mana datsa a fili, ba a zauren lacca ba, domin kowa ya kai ilimin gonar gidansu lokacin hutu.

Ni dai saura mini 'yan watanni in gama. Na sayi jarka, na karɓi huɗun nan da suka rage, ina shayar da su safiyar Talata da Juma'a. Ina neman ɗan aji ɗaya da zai karɓe ni kafin in tafi. Wanda ya shirya, ya same ni a bayan ɗakin kwana da ƙarfe bakwai.