Gudun fanfalaki: A fara auna hanya kafin a nemi gwanaye

Masu shirya tseren gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka, wanda ake yi tun 1897, sun karɓi takardun mutum 33,249 da suka nemi shiga tseren 2026, amma suka mayar da 8,887 daga cikinsu. Abin lura shi ne waɗanda aka mayar ɗin duk sun cika sharaɗin lokaci. Ƙa'idar ita ce namiji mai shekara 18 zuwa 34 ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 55, mace kuma cikin awa 3 da minti 25. To amma gurabe sun yi kaɗan, don haka sai wanda ya riga wannan lokaci da minti 4 da daƙiƙa 34 ya samu shiga. Wato saurayi sai ya riƙa cinye kowace kilomita cikin kusan minti 4, tun daga farko har ƙarshe. A Landan kuwa, inda ƙuri'a ake jefawa, fiye da mutum miliyan ɗaya ne suka nemi shiga tseren 2026.

Wani zai ce ina ruwan matashin Gawu Babangida, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gurara a Jihar Neja, da wannan lissafi. Ruwansa shi ne ko da yana da ƙafa da numfashin yin wannan gudu, ba shi da inda zai tabbatar da hakan. Boston da sauran manyan tseren duniya ba sa karɓar lokaci sai wanda aka yi a kan hanyar da ƙwararru suka auna, suka ba ta takardar shaida. Duk gudun da aka yi a wani wuri daban, komai kyansa, labari ne na fatar baki. Babban tseren da ya yi suna da wannan shaida a ƙasar nan shi ne na Legas, wanda aka soma a 2016, kuma zuwa can daga Neja sai da kuɗin mota da masauki da ba kowane ɗan manomi ke da su ba. A can ɗin ma 'yan asalin Kenya da Habasha ne ke lashe manyan kyaututtuka, namu kuma, galibinsu 'yan Filato, su fafata a rukunin 'yan gida.

Tarihin ƙasa da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, ya haura shekara 30 ba a karya shi ba. Lokacin da aka gindaya wa maza don gasar Olamfik ta Paris a 2024 kuwa awa 2 ne da minti 8 da daƙiƙa 10. Tazarar kusan minti 8 ke nan, kuma ba za a rufe ta da tseren biki ba, irin wanda ake raba riguna, manya su yi jawabi, a ɗauki hoto a watse, ba a san tsawon hanyar ba balle a rubuta lokacin kowa.

Wannan jarida na ganin gyaran bai fi ƙarfin jiha ba. Auna hanya aikin 'yan kwanaki ne da ake yi da keke mai ɗauke da na'urar ƙirga, kuma shaidar takan yi shekara biyar tana aiki. Sai kuma 'yar na'urar da ake liƙa wa kowane ɗan tsere don ɗaukar lokacinsa. Kuɗin duka biyun bai kai abin da ake kashewa a rumfuna da kujerun manyan baƙi ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Neja da ta haɗa hannu da Hukumar Wasanni ta Ƙasa da Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle, AFN, a auna hanya guda a yankin Suleja da Gurara, wanda ke dab da Abuja. A sa ranar tsere a watan Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, a fara da asuba kafin rana ta yi zafi, a kuma tsayar da tankoki da tireloli na 'yan awoyi. A wallafa sunan duk wanda ya gama da lokacinsa, sannan makarantun sakandaren yankin su tura ɗalibansu gajeren zango na kilomita 10.