TAIMAKON GAGGAWA: ABIN DA MA'AIKACI KE YANKEWA KAFIN A ISA ASIBITI

A daren 5 ga watan Mayu na shekarar 2019, wayewar 6 ga wata, wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na birnin Yamai. Jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ke zuba, sai wuta ta tashi. Mutum 55 suka rasu nan take, fiye da 30 suka ƙone, wasu daga cikinsu kuma suka cika daga baya a gadon asibiti. A cikin wannan watan ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya zartar da ƙuduri a birnin Janeba, yana kira ga kowace ƙasa da ta gina tsarin taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni da wanda ciwo ya kayar farat ɗaya. Taron ya sake ƙarfafa wannan kira a shekarar 2023.

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, abin da akan fara ƙidayawa shi ne motocin ɗaukar marasa lafiya, da gine-gine, da na'urori. Babu mai musun amfaninsu. Amma binciken da likitoci suka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa rai yakan rataya ne ga shawarar da mutumin farko ya yanke a gaban majinyaci, ko shi ɗan kwana-kwana ne da aka kira ta lamba 18, ko likitan SAMU da aka kira ta lamba 15, ko kuwa malamin asibitin ƙauye wanda ba shi da abokin shawara cikin dare. Wa za a fara dubawa, a tsaya a yi magani ko a kama hanya, a ƙara ruwa ko kada a ƙara: waɗannan tambayoyi ba mota ke amsa su ba.

WA ZA A FARA DUBAWA?

Al'adar ɗakin likita ita ce layi: wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga. A aikin gaggawa wannan al'ada tana kisa. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, babban likitan sojojinsa, Dominique Larrey, ya kafa ƙa'idar cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara yi wa aiki, ba tare da duban muƙaminsa ba. Wannan tantancewa tana da wuya, domin ido yana ruɗin mutum. A wurin hatsarin mota, mai ihu da kururuwa shi ke jan hankalin kowa, alhali ihun nasa shaida ce cewa yana numfashi kuma jini yana kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda ya yi shiru a gefe, jikinsa ya yi sanyi, yana jin ƙishirwa, bugun jijiyarsa yana sauri ba ƙarfi. Mai yiwuwa jini ne ke zuba a cikin cikinsa inda ba mai gani.

Haka abin yake ga yara. Da yawa daga cikin yaran da ke rasuwa a asibiti suna rasuwa ne a cikin awa 24 na farko bayan an kawo su. Don haka ne OMS ta fitar a shekarar 2005 da tsarin da ake kira TETU da Faransanci, wanda ke koya wa ma'aikaci ya zaga layin uwaye ya duba kowane yaro cikin ƙasa da minti ɗaya: yana numfashi sosai? Leɓɓansa da harshensa sun canja launi? Hannuwansa sun yi sanyi? Ya suma, ko yana taune-taune? Zawo ya tsotse masa ruwan jiki? Mai ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ba ya jiran layi, ba ya jiran takarda.

An gwada wannan hanya a babban asibitin birnin Blantyre na ƙasar Malawi tun daga shekarar 2001, a ƙarƙashin jagorancin likita Elizabeth Molyneux. An horar da ma'aikata, aka sauya tsarin ƙofar shiga. Kafin gyaran, yara 10 zuwa 18 cikin kowane 100 da aka kwantar suna rasuwa. Bayansa adadin ya sauko zuwa 6 zuwa 8. Maganin da ake bayarwa kusan shi ne na da. Abin da ya sauya shi ne lokacin da yaro ke samunsa.

A TSAYA KO A TAFI?

A kan wannan tambaya ƙasashen Turai da Amurka sun rabu gida biyu. Faransa, wadda Farfesa Louis Lareng ya kafa wa SAMU ta farko a birnin Tuluz a shekarar 1968, tana aika likita zuwa wurin da abin ya faru, a daidaita jikin majinyaci kafin a ɗauke shi. Amurka da Ingila sun fi dogara ga ma'aikatan da ba likitoci ba, waɗanda aka horar don su yi abin da ya zama dole su garzaya asibiti. Muhawarar ta fito fili a ranar 31 ga watan Agusta na 1997, lokacin da Gimbiya Diana ta Ingila ta yi hatsari a birnin Pari. Ba ta isa asibiti ba sai bayan fiye da awa ɗaya da rabi, ko da yake tazarar ƴan kilomita ce kawai, domin an daɗe ana fitar da ita daga mota, zuciyarta ta tsaya aka farfaɗo da ita, likita kuma ya sa a yi tafiya a hankali saboda ƙarfin jininta ya faɗi. Jini ne ke zuba a cikin ƙirjinta, irin raunin da sai ɗakin tiyata. Masana sun daɗe suna jayayya a kan shawarar wannan dare.

Darasin da ke ciki shi ne kowace hanya tana da wurinta. Wanda numfashinsa ya toshe, ko jini ke tsartuwa daga ƙafarsa, idan aka ɗauke shi ba a gyara ba, gawa za a sauke. Wanda jini ke zuba a cikinsa kuwa, duk mintin da aka ɓata a bakin hanya daga ransa aka cire. A ƙasar Nijar nisa ya ƙara wa tambayar nauyi: daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900, kuma majinyacin ƙauye yakan fara tafiyarsa ne a amalanke ko bisa kabu-kabu kafin ya ga kwalta. Inda tafiya ke cin awoyi, abin da aka yi kafin a tashi shi ke raba rai da mutuwa.

Misali shi ne allurar taraniksamik, mai hana jinin da ya daskare narkewa. Wani bincike da aka buga a 2010, a kan mutum 20,211 masu rauni a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini. Amma sai an yi ta cikin awa uku na farko, bayan nan ba ta da amfani, tana ma iya cutarwa. A 2017 an samu irin wannan sakamako ga mata masu zubar jini bayan haihuwa. Ke nan wajibi ne ma'aikaci ya tambayi lokacin da abin ya faru, ya rubuta, ya sanar da wanda zai karɓi majinyacin.

Nijar kanta ta ba duniya misali a nan. An koya wa ungozomomi da malaman asibiti na ƙasar matakai uku na tsayar da jinin haihuwa: ƙwayoyin misoforostol da farko, idan jini bai tsaya ba, a sa robar da ake cikawa da ruwa cikin mahaifa, idan ya ci gaba, a ɗaure mace da rigar matse jiki a tura ta babban asibiti. Binciken da ya bi shekarun 2015 zuwa 2020, aka buga shi a 2023, ya nuna mutuwar mata daga wannan zubar jini a asibitocin ƙasar ta ragu da fiye da rabi.

IN KIƊA YA CANJA

Akwai kuma inda littafin koyarwa kansa ke kuskure. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, jininsa ba ya zagayawa sosai, sai a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri. Haka ake yi a Turai da Amurka, kuma ba wanda ya yi shakka. Sai aka gwada abin a kan yara 3,141 a asibitocin Kenya, Yuganda da Tanzaniya, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland. Sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza likitoci: cikin awa 48, fiye da yara 10 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun rasu, alhali cikin waɗanda ba a ɗura wa ba kimanin 7 ne. An tsayar da binciken kafin wa'adinsa. Fiye da rabin yaran zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsu, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suna da ƙarancin jini mai tsanani. OMS ta gyara shawarwarinta a 2016.

Wannan ya shafi jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa kai tsaye, inda ƙarshen damina ke cika ɗakunan yara da masu irin wannan zazzaɓi. Uwaye da yawa suna ganin ba a yi musu aiki ba idan ba a rataya wa yaro ledar ruwa ba. Amma yaro mai zawo ko kwalara, wanda ruwan jikinsa ya ƙare, ruwan shi ne ransa. Mai zazzaɓi da farin ido mai yiwuwa jini yake bukata da allurar zazzaɓi. Mai tamowa kuwa zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da yawa. Yara uku, duk a galabaice, magani uku. Ma'aikacin da ya iya rarrabe su, ya kuma iya yi wa uwa bayani, shi ne ya san aikinsa.

SHIMFIƊAR FUSKA

Bayani da tarba ba ado ba ne a wannan aiki. A 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafi a kan dangantakar ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun bayyana yadda mai sanayya ke wuce layi, baƙo kuma a bar shi tsaye ba gaisuwa ba bayani. Illar wannan ga aikin gaggawa a fili take. Uwar da aka yi wa tsawa ba za ta faɗi cewa ta shayar da yaro jiƙo ba, ba za ta faɗi kwana nawa ya yi yana ciwo ba, kuma waɗannan su ne labaran da ma'aikaci ke gina shawararsa a kai. Iyalin da aka wulaƙanta sau ɗaya, wani karon sai ciwo ya ci ƙarfinsu za su zo. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

ABIN DA YA RAGE

Horo ba na likitoci kaɗai ba ne. A arewacin Iraƙi da ƙasar Kambodiya, tsakanin 1997 da 2001, an horar da ma'aikata 135 da ƙauyawa fiye da 5,000 dabarun buɗe hanyar numfashi, tsayar da jini da ɗumama mai rauni. Mutuwar masu rauni ta sauko daga kimanin 40 cikin 100 zuwa 15. A Gana an koya wa direbobin haya irin wannan aiki, tun da su ke fara isa wurin hatsari. Direbobin tasha, ƴan kabu-kabu da jandarmomin hanya na Nijar suna cikin wannan matsayi.

Saboda haka ya dace duk kuɗin da aka ware don sayen mota a ware masa rabon horo da maimaita horo. Kowace mota ta tashi da ma'aikaci a gefen majinyaci. Malamin asibitin ƙauye ya samu lambar likitan da zai kira cikin dare. Kowace rasuwa kuma a zauna a bi diddiginta domin a koya, ba domin a kunyata wani ba. Jama'a su ma suna da nasu kaso: su nisanci motar mai da ta kife, su buɗe wa masu ceto hanya, su yi haƙuri idan aka shigar da wanda ya zo bayansu. Tun ran gini ran zane.