Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Kwanan baya wani ɗalibina ya nuna mini wata waƙa da ake ta yawo da ita a WhatsApp. Ina dubawa sai na ga ashe ta wata ɗalibarmu ce, wadda ni na gyara mata ƙa'idojin rubutu da hannuna. An guntule sunanta, an maƙala kalmar "kwafi" a gindi. Wai shi ke nan an fita haƙƙi!

Haba 'yan'uwa marubuta! "Kwafi" sunan wa ne? Wanda ya kwance akuya, ya amsa cewa ba tasa ba ce, ai bai mayar da ita turke ba.

Magabatanmu masu waƙoƙin ajami sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, almajirai kuma su kwafe har da sunan, domin sun ɗauke shi amana. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa, ba tare da sai ya yi rajista ba.

Masu cewa talla suke yi wa marubucin, to tallan wa, alhali babu suna?

Hanyar a fili take. Nemi izinin mai abu. In ya yarda, bar sunansa, kada ka taɓa ko wasali. In ya ƙi, haƙura.

Mu da ke kukan ɓarayin littattafanmu a kasuwa, kada mu yi wa na baya abin da muke ƙi. Allah Ya sa mu gane.